Sabon fastonmu yana da ilimi amma jama'a sun ƙi binsa, dan Allah ina matsalar take?

Sakataren_Matasa ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Na daɗe ina karanta abubuwan da ake tattaunawa a nan amma ban taɓa sa baki ba sai yau, don abun ya dame ni har barci ba ya zuwa min da kyau. Ba zan faɗi sunan ikkilisiyarmu ko garinmu ba, a kudancin Kaduna dai muke.

Shekara ɗaya da wata huɗu kenan da aka kawo mana sabon fasto. Mutumin nan ya yi karatu sosai, yana da digiri na tauhidi, in ya hau bagade ya buɗe nassi sai ka ji kamar yau ka fara jin ayar, kuma ba a taɓa jin wata maganar banza a kansa ba, ba mace ba giya. To amma jama'a ba sa binsa. Ranar Asabar da ta wuce aka sa aikin gayya za mu buga bulo na katangar coci, sau uku aka yi sanarwa a sujada, mu da muke cika majami'a ranar Lahadi har wasu na tsayawa a waje, mutum 11 ne suka fito, a ciki har da shi da matarsa. Addu'ar safe ta mutu, nazarin Littafi na ranar Laraba saura tsofaffi shida.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wanda ya riƙe ikkilisiyar kafin shi, muna ce masa Baba. Baba mai bishara ne, makarantar Baibul ta Hausa kawai ya yi, shekara 19 yana tare da mu, wa'azinsa ma yawanci maimaici ne mun haddace labaransa, amma in Baba ya ce gobe da asuba a haɗu a gonar coci to kafin ya iso ma an yi rabin noma, har waɗanda ba sa zuwa sujada suna fitowa da fartanya.

Bayan aikin bulon nan fasto ya kira ni gefe ya ce ɗan'uwa gaya mini gaskiya, me na yi wa mutanen nan? Na rasa amsa. Wasu dattawa sun ce taurin kai ne kawai na jama'a, a karanta musu Ibraniyawa 13:17 su ji cewa dole a yi biyayya ga shugabanni. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, don mutanen nan ɗin dai su ne suka bi Baba. Me ke sa a bi shugaba a cikin ikkilisiya, me ke sa a ƙi? Ina ƙaunar mutumin nan kuma ina ganin yana ramewa.

MamanZumunta ta rubuta:

Ɗana sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ba ka hikima. Ni ban yi karatu mai zurfi ba jikata ce ma take taya ni danna wayar, amma shekara talatin da wani abu ina cikin Zumuntar Mata, na ga fastoci sun zo sun tafi. Tambaya zan yi maka ka je ka duba. A cikin shekara ɗaya da wata huɗun nan gida nawa ya shiga? Ba ranar da aka gayyace shi addu'ar suna ko biki ba, haka kawai ya yi sallama ya zauna a tabarma ya sha ruwan randa ya tambayi yara sunansu. In an yi rasuwa yana zuwa ya yi wa'azin jana'iza ya shiga mota ne, ko yana dawowa bayan kwana uku lokacin da baƙi sun watse gida ya yi shiru?

Lokacin da maigidana ya rasu damina ce, hanya ta lalace, faston da muke da shi a lokacin ya turo kekensa cikin taɓo ya zo, bai yi dogon magana ba ya zauna kawai tare da yarana maza a ƙofar gida har dare, washegari ya dawo, bayan wata guda ya zo ya tambaye ni ko akwai hatsi a rumbu. Mutumin nan ko cikin dare ya aiko ya ce mata su fito a share coci ni ce ta farko, kuma ba don tsoro ba. Yesu ya ce a Yohanna 10 makiyayi yana kiran tumakinsa da sunansu, suna binsa don sun san muryarsa, baƙo kuwa gudunsa suke yi. Ka lura bai ce baƙon mugu ne ba, baƙo ne kawai. Fastonku mai yiwuwa mutumin kirki ne amma har yanzu baƙo ne, muryarsa a lasifika kawai suka sani. Zumunci a ƙafa yake ɗana.

Maaji_Jos ya rubuta:

Maganar Mama gaskiya ce amma ni bari in taɓo inda mutane ba sa son a taɓa, kuɗi. Tunda ka ce aikin katanga ne, tambayata ita ce an taɓa tara kuɗin katangar nan a baya? In an tara, ina rahoton? Don na yi ma'aji shekara shida a wata ikkilisiya kuma abin da na koya shi ne jama'a ba sa yin rigima a kan kuɗi a gaban fasto, ba za su ɗaga hannu a mitin su ce ina kuɗinmu ba saboda kunya da girmamawa, ƙafarsu kawai za su janye. Za ka ga baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, ya ragu, an daina zuwa aiki, kowa ya ce yana da uzuri, kai kana tsammani sanyin ruhaniya ne alhali lissafi ne ba a karanta ba.

Mu abin da ya gyara mana, mutum uku ke ƙirga baiko nan take bayan sujada su sa hannu a littafi, fasto ba ya taɓa kuɗi da hannunsa ko kaɗan, cirewa a banki sai da sa hannun mutum biyu, kuma duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa da Hausa, ba da Turancin akanta ba, har kuɗin man janareta. Wasu dattawa da farko sun ce wannan rashin yarda da bawan Allah ne. Na ce musu to Bulus fa? A 2 Korintiyawa 8 da zai kai gudummawa Urushalima bai ɗauki jakar shi kaɗai ba, ya ce ikkilisiyoyi su zaɓi ɗan'uwa ya tafi tare da su, ya aiki Titus da wasu, kuma ya faɗi dalili a fili, don kada kowa ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. In manzo bai ji an raina shi ba waye mu.

Ka duba Nehemiya kuma, shi ma ai katanga ya gina, kwana 52 aka gama. Mutane suna son ambaton wannan amma ba sa karanta sura 5, inda ya ce shekara 12 yana gwamna bai ci abincin da doka ta ba gwamna ba don ya ga nauyin ya yi wa jama'a yawa, mutum 150 ke ci a teburinsa daga aljihunsa, shi da barorinsa kuma suna cikin aikin ginin. Sama'ila ma da ya tsufa tsayawa ya yi a gaban Isra'ila ya ce san wa na ƙwace, jakin wa na ɗauka, a hannun wa na karɓi toshiya, ku faɗa in biya. Ba ina cewa fastonku ya ci kuɗi ba, ƙila ma tun kafin ya zo aka yi ɓarnar shi ya gaji fushin. Amma ka bincika.

Dan_Michika ya rubuta:

Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga Michika, abin da zan faɗa ba daga littafi na samo ba. A 2014 mun ga abin da ake nufi da makiyayi da ɗan ƙwadago da idonmu. Watan Afrilu 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan matan Chibok 276, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyarmu ne, watan Satumba Michika ta faɗi, ƙarshen Oktoba aka shiga Mubi da hedkwatarmu a Kwarhi har shugabanninmu suka koma Jos na ɗan lokaci. Kowa ya gudu, fasto da mamba, kuma ban ga laifin kowa ba don ba a tsayawa gaban harsashi da Baibul a hannu a ce jarumta ce. Bambancin da muka gani bayan gudun ne. Akwai waɗanda da suka tsira suka kashe waya suka nemi wurin zama, akwai kuma waɗanda suka bi duwatsu da sansanoni a Yola da cikin Kamaru suna tambaya wa ya ga iyalin wane, suna rubuta sunaye a littafin makaranta, suna binne waɗanda suka mutu a hanya, suna yin sujada a gindin itace ba albashi ba baiko. Da aka fara komawa gida, waɗannan na biyun in suka ce a zo a kwashe toka a sake ɗora rufi ba sai sun maimaita ba.

Ni da iyalina a Yola a harabar babban cocin Katolika na Santa Teresa muka kwana, tare da dubban mutane, Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofa bai tambayi ɗarikar kowa ba. Daga baya ya gina gidaje 86 a Sangere Marghi don waɗanda ba su iya komawa ba, har da masallaci don Musulmin da ke cikinsu, wasu Kirista ma sun yi masa surutu a kan haka bai fasa ba. Ni ba Katolika ba ne kuma ba zan zama ba, amma in mutumin nan ya yi magana ina sauraro da kunne biyu.

Sai Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN, wato ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, na Michika, da 'yan Boko Haram suka kama a farkon Janairu 2020 suka kashe shi ranar 20 ga watan. Duk wanda ya ga bidiyon nan da suka sa shi ya yi ya ga mutum a hannun masu kisa yana magana a natse, yana cewa bai karaya ba don komai a hannun Allah yake, yana roƙon a kula da iyalinsa. Abin da yake faɗa mana a bagade shi ya faɗa a can. Har yau in na tuna sai hawaye.

Ɗan'uwa ba ina roƙon Allah ya kawo muku irin wannan ba, Allah ya kiyaye. Amma ko a zaman lafiya kyarkeci yana zuwa, ciwo ne, kuɗin makaranta ne, yaro ya shiga ƙwaya, rikicin gona, kuma jama'a suna kallo su ga ina fasto yake a ranar. Baba mai bisharanku shekara 19 ya yi yana tara irin waɗannan ranakun.

Baba_Mai_Ritaya ya rubuta:

'Ya'yana na karanta duka, kuma ban ƙi ko ɗaya ba, amma kun ɗora kayan duka a kan fasto, bari tsoho ya ɗan sauke wani. Na yi shekara 34 a aikin nan, an canja mini wuri sau bakwai, kuma ina gaya muku ba kowane ƙin bi ne laifin shugaba ba. Ubangijinmu da kansa, wanda ba shi da aibi, a Yohanna 6 ya ciyar da mutum dubu biyar suka so su naɗa shi sarki, washegari ya faɗa musu magana mai wuya da yawa cikin almajiransa suka juya baya, har ya tambayi sha biyun ko ku ma za ku tafi. Musa fa, sau nawa aka yi masa gunaguni. In yawan mabiya ne ma'auni to masu sayar da man shafawa da ruwan albarka a manyan garuruwa sun fi mu duka, ai wurinsu a cike yake.

Akwai abin da ba wanda ya ambata kuma na san yana nan, ƙabila. Sakatare, fastonku yarenku ɗaya? Don na taɓa zuwa wurin da tun kafin in sauke kaya an riga an gama shawara a kaina saboda ba ɗan ƙasa ba ne, in na yi wa'azi da Hausa a ce ba na jin yare, in na tsawata a kan burkutu a ce ya zo ya raina al'adarmu. Akwai kuma dattawan da suka saba su ne ke juya ikkilisiya, mai bishara mai sauƙin kai ya fi musu daɗi, in mai ilimi ya zo ya ce a kawo littafin kuɗi ko a bi tsarin mulki sai su bi gida gida da dare. Ku bincika wannan ma, wani lokaci masu cewa a karanta wa jama'a Ibraniyawa 13:17 su ne suka hana jama'a fitowa.

Kuma shekara ɗaya da wata huɗu ba komai ba ne. Mutum uku na farko na SIM, ƙungiyar mishan da ta kawo bishara ƙasarmu, sun sauka Legas a Disamba 1893, cikin shekara guda Gowans da Kent sun mutu, Bingham ya koma gida, ya sake zuwa ciwo ya kore shi, sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902, kuma ECWA, ikkilisiyar da ta fito daga aikinsu, ba ta tsaya da sunanta ba sai 1954. Iyayenmu ba wa'azin farko suka ji suka bi ba, sun ga an wanke gyambon kutare an koya wa 'ya'yansu karatu shekara da shekaru tukuna.

To amma ga inda zan koma wajen Mama. Ni ma da na fito makaranta na zo da tsari a takarda, cikin wata uku na canja lokacin sujada na rushe kwamiti biyu na hana wasu waƙoƙi, duk abin da na yi daidai ne a ƙa'ida, kuma ikkilisiya ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wani tsohon dattijo ya buɗe mini 1 Sarakuna 12, inda jama'a suka zo wurin Rehobowam a Shekem suka ce ka rage mana nauyi, dattawa suka ce masa in ka zama bawan mutanen nan yau za su zama bayinka har abada, shi kuwa ya bi shawarar samari ya amsa da gatsali, kabila goma suka tafi ba su dawo ba. Sarautar tasa ce ta gado ba mai musu, amma ba ta riƙe masa mutane ba. Ranar na yi kuka a ɗakina. Takardar naɗi tana ba ka bagade da gidan fasto, sauran sai ka nema da ƙafa da haƙuri. Ka gaya wa fastonku wani tsoho ya ce kada ya karaya kuma kada ya hau bagade da fushi, wa'azin huce haushi bai taɓa dawo da kowa ba.

Yar_Kwaya_Kaduna ta rubuta:

Baba na gode da wannan, musamman maganar ƙabila, ai a Ayyukan Manzanni 6 ma haka ta faru, masu jin Helenanci suka ce ana manta gwaurayensu a rabon abinci, manzanni ba su ce ku yi shiru ku yi biyayya ba, sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, kuma in ka duba sunayen bakwai ɗin duk na Helenanci ne, wato ɓangaren da suka yi kuka aka damƙa wa aikin.

Ni dai ta wajen matasa zan yi magana. Mu abin da ke kashe mana gwiwa shi ne ba a tambaya. Kana da tambaya a kan koyarwa ko a kan me ya sa aka sa wance a horo aka zaunar da ita a bencin baya amma ɗan mai kuɗin da ya yi mata cikin yana nan yana kaɗa jita, sai a ce maka kada ka taɓa shafaffe na Ubangiji. Ayar nan ta Zabura 105 in ka karanta daga sama a kan su Ibrahim da zuriyarsa take lokacin da suke yawo cikin al'ummai, gargaɗi ne ga sarakuna kada su cuce su, ba ta ce kada mamba ya yi wa fasto tambaya ba. Mutanen Biriya an yabe su don suna bincika Nassi kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka ne, Bulus ma ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Yanzu kowa na da Baibul a waya, yaro yana zaune yana duba ayar da kake fassarawa, in ka ce ban sani ba bari in bincika wallahi girmanka ƙaruwa yake a idonmu. In an ga horo na talaka ne kawai shi kenan an gama, za mu zo mu yi waƙa mu tafi amma ba za mu buga bulo ba.

Sakataren_Matasa ya rubuta:

Na gode ƙwarai iyayena da 'yan'uwa, na karanta kowanne fiye da sau biyu. Jiya da yamma na je na zauna da wata tsohuwa a Zumuntar Mata na yi mata tambayoyinku, abin da na ji ya sa jikina ya yi sanyi. Maganar kuɗi gaskiya ce, shekara huɗu da suka wuce an yi lonchin, wato taron tara kuɗi, na katangar nan ɗin dai, mata sun sayar da citta da wake sun bayar, ba a ga katanga ba ba a ji bayani ba, kuma fasto bai ma san an yi ba don ba wanda ya gaya masa. Yarensa daban ne da namu kamar yadda Baba ya yi zato. Sannan akwai abin da ni kaina na manta, watansa na biyu wani dattijo da kowa ke ji da shi ya kwanta asibiti kusan sati uku, fasto yana ta zirga-zirgar taro a hedkwata ya aika da gaisuwa ta waya bai je ba, dattijon ya rasu. Ta ce tun ranar mata suka sa masa suna mai ofis.

Yau da safe na gaya masa duka ban rage ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in raka shi gidan matar marigayin ranar Alhamis, kuma ya dakatar da maganar katanga har sai an karanta lissafin wancan lonchin a gaban jama'a, ya san wasu dattawa ba za su ji daɗi ba. Tambayata yanzu Mama, in mun je me ya kamata ya ce mata bayan fiye da shekara?

MamanZumunta ta rubuta:

Kada ya je da wa'azi kuma kada ya kawo dalilin taro. Ya tafi da matarsa, su riƙe ko sabulu da ɗan sukari, ya cire takalmi ya zauna ƙasa ya ce Mama na yi kuskure ban zo ba lokacin da Baba yake kwance, ki yafe mini. In ta yi kuka ya bar ta ta yi, in ta faɗi magana mai zafi ya haɗiye. In ta kawo abinci ya ci ko ya ƙoshi. Kai kuma ɗana ka zauna a waje da yaran gidan, ka bar su. Zan sa ku a addu'a ranar Alhamis, ka dawo ka gaya mana yadda aka yi.